Kawu Mai Faci da Sojojin Jininsa

Kawuna mai faci ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da sana'arsa ta shige masa kai kamarsa ba. Rumfarsa tana bakin titi, dab da gidan mai, a ƙarƙashin wani allon talla da rana ta cinye rubutunsa. Kayan aikin ba su da yawa: injin ba da iska mai tari kafin ya tashi, rabin duro cike da baƙin ruwa, ƙarafan ɓanɓare taya, gwangwanin sholishon manna faci, sai gejin auna iska da yake ratayawa a wuya da igiyar takalmi. Da gejin nan yake cin abinci, da shi yake zuwa gaisuwar rasuwa. Anti, matarsa, ta ce ranar da aka je ɗaukar hoton katin shaida sai da aka kai ruwa rana kafin ya yarda ya cire shi.

A wurin Kawu, komai na duniya kashi biyu ne: ko yana riƙe iska, ko yana sacewa. In ya ga mutum ya rame sai ya ce, “Wannan yana sacewa ta wani wuri.” In aure ya mutu ya ce tun farko bawul ne bai zauna daidai ba. Bai yarda abu yana raguwa haka kawai ba. In ya ragu akwai huji, kuma hujin ba zai gagare shi ba. Zai tsoma tub ɗin taya cikin ruwa ya yi ta juyawa a hankali har ƙaramar kumfa ta tona kanta. In ruwa bai faɗa ba, ya lakato yawu ya shafa a bakin bawul, ya kara kunne, ya ɗaga wa direba hannu kada ya yi magana.

Shi ne ƙaramin su Umma, mahaifiyata. Iyayensu sun rasu yana ɗan ƙarami, ita ta raine shi. Har ya yi furfura Auta take kiransa, shi kuma ya amsa da “Na'am, Yaya,” kamar ba shi ne direbobin tirela suke shakka ba. Ni kuwa Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu na ci. Tun da na yi wayo, in ya rufe rumfa da yamma gidanmu yake fara biyowa. Ya wanke hannu a famfon baranda, ya shiga ɗakin Umma, ya zauna a ƙarshen gadonta. Ta yi masa faɗan baƙin farce, shi kuma ya ba ta labarin direbobin da suka ɓata masa rai. Da ciwon ƙoda ya kwantar da ita aka fara kai ta wankin ƙoda, zuwan Auta ne kaɗai abin da ke sa ta ce in gyara mata filo ta tashi zaune.

Sai korona ta zo. Likitan Umma ya ja mana kunne cewa jikinta ba shi da ƙarfin faɗa da cuta, duk mai shiga wurinta ya sa takunkumi, ya wanke hannu, kuma kowa a gidan ya je a yi masa rigakafi. Nan aka ji kan Kawu. Mutumin da yake zare ƙusa daga taya da hannu ɗaya, ashe tsoron allura yake kamar me.

“Ni aikina toshe huji,” in ji shi. “Ba zan kai kaina a huda ni ba.”

“Auta,” in ji Umma daga kan gado.

“Na'am, Yaya.”

“Gobe.”

Washegari ya tafi asibitin unguwa shi da Anti. Tebur biyu ake yi, layi biyu. Suna tsaye a layi ɗaya, ya leƙa ya ga ma'aikaciyar teburinsu ƙatuwa ce mai damtse, ya zame a hankali ya koma ɗaya layin, wurin wata siririya. Abin da bai sani ba shi ne kowane tebur da irin allurar da yake yi. Haka aka yi masa iri ɗaya, aka yi wa Anti wani iri daban, kuma ko da suka koma karɓar ta biyu kowa irin tasa aka maimaita masa.

A bakin ƙofar fita suka haɗu da wata ma'aikaciya daga babban asibiti, mai fara'a, mai tabarau. Ta ce suna bincike ne: suna so su ga yadda garkuwar jiki take daɗewa bayan kowace irin allura. Wanda ya yarda zai riƙa zuwa lokaci-lokaci a ɗibi jininsa kaɗan. Kawu ya ji an sake ambaton allura, ya fara neman hanyar wucewa.

“Baba, ka ga in an yi wa mutum rigakafi, jikinsa yana ƙera wasu ƙananan sojoji a cikin jini masu gane cutar,” in ji ta. “Mu kuma auna yawansu muke yi.”

Kawu ya tsaya cak. “Aunawa? Akwai geji?”

“Akwai na'ura, Baba.”

“Tana faɗin nawa ne a cikin mutum?”

“Tana faɗi.”

Shi ke nan. Da kansa ya naɗe hannun riga, ya kuma sa hannu a madadin Anti kafin a tambaye ta, sai da ma'aikaciyar ta ce a'a, ita za ta faɗa da bakinta. Daga ranar ya raɗa wa matar suna Mai Sirinji.

Ni na raka su ranar da aka fara nuna musu sakamako, don na kai Umma wankin ƙoda a asibitin, ina zaman jira. Mai Sirinji ta juyo da fuskar kwamfuta. Layuka ne masu launi, kowace irin allura da launinta, kowane mutum kuma ɗigo ne. Ɗigon Kawu yana can sama a kan jan layi, kusan zai fice daga gilashin. Na Anti yana kan shuɗi, ƙasa da tsakiya.

“Wannan ni ne?”

“Kai ne, Baba. Amma fa ka sani, irin taka allurar takan hau sama da farko, sannan…”

Bai ji sauran ba. Bakinsa har kunne. Ya juya ya dubi Anti irin kallon da yake yi wa tayar da ta sha hanya. “Kada ki damu,” ya ce. “In za mu shiga taro ki riƙa tafiya a bayana.”

Kafin mako ya zagayo babu direban da bai ji labari ba. In an kawo taya, sai an saurari yawan sojojin jininsa kafin a ba da iska. Ya ce dama ya daɗe yana jin jikinsa daban. Ya ce shaƙar ƙamshin roba ne. Wani direba ya yi atishawa a rumfar, sauran suka watse, Kawu ya matso ya dafa kafaɗarsa ya ce, “Yi abinka, ɗana, nan ka zo inda cutar ba ta da iko.”

Duk wannan da ya tsaya a rumfa da sauƙi. Amma ya kwaso shi ya kawo gidanmu. Ya tsaya a ƙofar ɗakin Umma ya kafa doka: daga yau ba mai shiga wurin Yaya sai wanda iskarsa ta cika. Ni ya ɗaga mini ƙafa, don babu mai jinya sai ni, amma ya ce ni tayar safaya ce, lallaɓawa ake yi da ni. Anti kuwa, wadda take zuwa ta yi wa Umma kitso ta matsa mata ƙafa, ya ce ta riƙa gaisuwa ta taga.

Na ce, “Kawu, likita bai ce haka ba. Takunkumi ya ce, da wanke hannu.”

“Uwata, likita ya taɓa ɗora kaya a kan tayar da ba ta cika ba?”

Anti ba mai yawan magana ba ce. Ta dube shi, ta dubi tagar, ta ja kujera ta zauna a baranda. Sai dai na ga yadda ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, na san maganar ba ta ƙare ba.

Watanni suka shuɗe. Da aka sake aunawa, ɗigon Kawu ya sauko. Ya ce na'urar ce ba a saita ta ba, ya ma yi tayin duba musu ita kyauta. Da aka kuma aunawa bayan wasu watannin, jan layin ya gangaro sosai, shuɗin kuwa ya ɗan sunkuya ne kawai. Ɗigon Kawu yana ƙasa da na Anti. Ba da yawa ba, amma ko makaho ya shafa zai ji.

Anti ta ce ya daɗe yana kallon gilashin, hannunsa a kan gejin wuyansa. Da suka fito za su tsallaka titi, ta ɗan wuce gaba ta waiwayo. “Malam,” ta ce, “biyo bayana.”

A daidai nan wani zai yi dariya ya janye dokarsa. Kawu kuwa ya koma gida ya zauna ya yi tunani irin na mai faci. Abu ya cika, yanzu ya ragu. Ba fashewa ya yi ba, a hankali yake tafiya. To akwai huji, kuma ƙarami ne, irin mai wahalar ganowa.

Wurin da aka yi masa allurar ya fara zargi. Ya manna filasta a damtsensa, ya ƙara wata a kai ta gicciye. Ya daina aski don kada reza ta yanke shi. Ya daina yanke farce. In atishawa ta zo masa sai ya toshe hanci ya haɗiye ta, idanunsa su yi ja su kawo ruwa. Ya sayo gidan sauro, ya ce kowane sauro ɓarawo ne mai huda da kansa.

Ranar wata Lahadi da hantsi Anti ta kira ni a waya, dariya ta hana ta magana. Sai da na bari ta nutsu. Wai ya sa an ɗauko masa rabin duron rumfa zuwa gida, ya wanke shi, ya cika da ruwa, ya shiga daga shi sai gajeren wando. Ya naɗe a ciki, gwiwoyinsa a haɓa, ya ce ta zagaya ta duba ko za ta ga kumfa.

“To kin gani?” na tambaye ta.

“Sau ɗaya ta taso,” in ji Anti. “Amma ba daga damtse ba. Na ce masa wannan hujin da shi aka haife ka, ba ya facuwa.”

Na yi dariya har da hawaye. Amma dariyar ba ta wuce yamma ba, domin da ya zo gidanmu, ya wanke hannu kamar kullum, sai ya ja kujerar nan ta baranda ya zauna a bakin taga.

“Auta, shigo mana,” in ji Umma.

“Ina nan, Yaya. Ina jin ki daga nan.”

Dokar da ya kafa wa wasu ya ɗora wa kansa, har ya fi tsanantawa. Anti ta koma shiga abinta da takunkumi. Shi kuwa ya kafe a waje. Yana yini cikin direbobi daga gari-gari, in ji shi, kuma sojojinsa sun tsiyaye, duk abin da ya kwaso zai shigo da shi kai tsaye. Ba zai zama shi ne ya kashe Yaya ba.

Ta taga hira ba ta daɗi. Muryar Umma ta yi ƙasa, motoci suna wucewa, rabin maganarta ba ya ji, sai ya yi ta cewa “Na'am?” har ta gaji ta yi shiru. Ta daina cewa in gyara mata filo. Abincin da take ɗan taɓawa in yana zaune yana surutu, yanzu sai in ɗauke kwanon yadda na kawo shi. Wata rana ina shafa mata mai ta ce, “Ko warin ciwo nake yi ne? Faɗa mini gaskiya.” Ranar na ji haushin Kawu irin wanda ban taɓa ji ba. Ina ganin mahaifiyata tana ƙarewa a gaban idona, shi kuma yana waje da filasta a hannu yana gadin sojoji.

Washegari na je rumfar na tsaya masa a kai, na ce ko ya bi ni wurin Mai Sirinji ko in zauna a kan injinsa har a tashi kasuwa. Ya san ni. Ya rufe rumfa.

Muna shiga ya fara da tuhuma. “'Yata, na yi lissafi. Duk zuwan da na yi sai kin huda ni, duk hudawa kuma sai abin ya ragu. Ke ce kike sace ni.”

Ta cire tabarau ta goge idonta, don ita ma dariyar ta kusa ƙwace mata. Sannan ta yi masa bayani tiryan-tiryan. Ta ce ba shi kaɗai ba ne, ya dubi layukan: duk suna gangarowa, wasu da sauri, wasu a hankali. Jiki ba ya ajiye runduna a tsaye in ba a yaƙi. Yakan sallami da yawa, amma yana barin waɗanda suka haddace fuskar cutar, in ta dawo su tayar da sababbi. Waɗannan kuwa wannan na'urar ba ta ƙirga su. Ta ce su kansu masu binciken ba za su iya nuna masa wani layi su ce daga nan zuwa sama ka tsira, daga nan zuwa ƙasa ka shiga uku ba. Ya sa takunkumi, ya wanke hannu, in yana mura ya zauna a gida, amma ya shiga ya ga 'yar'uwarsa.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai. “Taya ba ta haddace komai, 'yata. In babu iska, babu iska.”

“Kai ba taya ba ne, Baba.”

“Haka kowa yake cewa.”

Da ta ga ba za ta ci nasara ba sai ta ce lokacin allurar ƙari ya yi, kuma takan sake ɗaga sojojin. Fuskarsa ta washe. Ashe ana ƙara iska, shi ne ba a faɗa masa ba tun tuni? Ranar ko runtse ido bai yi ba. Ya ce a cika sosai. Na ɗauka an gama, har na fara gode wa Allah. Muna fita ya ce sai an auna tukuna. Shi bai taɓa sallamar mota bai ɗora geji ba. Awon kuwa sai bayan makonni, sakamakon ya ƙara wasu.

A cikin makonnin nan ne likita ya kira ni gefe bayan wankin ƙoda, ya yi mini irin maganar da ake yi da murya ƙasa-ƙasa. Ban faɗa wa Umma ba. Ba ta bukatar a faɗa mata.

Da yammar ranar ta ce in ɗaga ta. Na ce ina za ta? Ta ce taga. Ni da Anti muka riƙe ta, ba ta fi nauyin yarinya ba, muka kai ta ta dafa ƙarfen tagar. Kawu ya ɗago kai ya gan ta a tsaye, ya miƙe har kujera ta faɗi.

“Yaya, me ya tashe ki? Ku mayar da ita!”

“Rufe mini baki, Auta.” Ta numfasa. “Ni ma sun auna nawa. An yi mini allurar, an ƙara, jikina bai ƙera komai ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na sani tuntuni. Ban hana kowa shigowa ba.”

“Shi ya sa nake…”

“Ban gama ba. Kana da shekara nawa ka yi ƙyanda? A bayana ka yi ta. Ka yi tarin da kowa ya gudu, a ƙirjina ka yi shi. Wa na kira ya auna ka kafin in ɗauke ka?” Ta sake tsayawa ta huta. “Ba ni da makonnin da kake jira. In za ka shigo ka shigo yau. In ba za ka shigo ba, ka daina zama mini a taga kamar mai bin bashi.”

Ya dube ta. Sannan ya juya ya nufi famfo. Ya wanke hannu har gwiwar hannu, ya sake wankewa. Ya sa takunkumi, ya karɓi nawa na ajiya ya ɗora a kai, ya nemi na uku Anti ta ce in ya ƙara shi za a kwantar a gadon. Ya shigo yana takawa a hankali, yana riƙe numfashi, ya zauna a ƙarshen gadon, can bakin gefe.

Umma ta kama hannunsa ta juya shi. “Wannan wane irin farce ne? Kai mutum ne ko shaho? Miƙo mini abin yankan.”

Ƙarfinta bai kai ba, ni na ƙarasa. Amma ranar ta ci abinci, shi kuma ya ba ta labarin duron da bakinsa, ya ƙara gishiri, har ta yi dariyar da ta sa ta tari. Daga nan bai sake fashi ba. Wasu ranakun ma ba ya buɗe rumfar, tun safe yake zuwa ya zauna, in ta yi barci ya yi shiru yana kore mata ƙuda.

Ƙodar ce ta tafi da ita, ba korona ba. Da rana tsaka ne, yana zaune a wurinsa, ƙafarta a kan cinyarsa.

Bayan an share makoki Mai Sirinji ta kira ta ce sakamako ya fito. Ya ce in raka shi. Ta yi mana gaisuwa, sannan ta juyo da kwamfutar a hankali, kamar tana jin nauyi. Ɗigon Kawu ya koma sama, ya ma wuce inda ya fara.

“Ka gani, Baba? Ya cika.”

Ya matso da fuska ya dube shi da kyau. Ya tambaye ta yaushe sakamakon ya fito. Ta ce shekaranjiya. Na ga yana lissafi a ransa, yana komawa baya zuwa ranar da muka binne ta.

“Uwata,” ya ce, bai juyo ba. “Da na tsaya jiran wannan, da ta taga zan yi sallama da ita.”

Mai Sirinji ta mayar da kwamfutar gefe. Aka kira mai bin layi, muka tashi.